Keke guda ko biyu? Tambayar ɗari da damana a ƙasar Garhanga

Idan kaka ta shigo ƙasar Adar, aka yanke hatsi, aka ɗaure damma, aka zuba a rumbu, to lokacin ne kuɗi ke ɗan kwana a aljihun manomi. A cikin waɗannan makonni ake yanke shawarar abin da za a saya: tunkiya, ko kwanon rufi, ko kayan auren ɗiya, ko keke. A kan keken za mu yi magana yau, saboda wata tambaya da ƴaƴanmu da suka zauna Turai suke kawo mana. Sun ce a can mahaya keke da yawa suna da keke biyu, ɗaya na lokacin zafi, ɗaya na lokacin sanyi. Shin mutumin Garhanga, wanda ke fama da ƙurar ɗari da taɓon damana, shi ma ya kamata ya yi haka? Tambayar ba ta wasa ba ce, domin kuɗin keke guda kuɗin buhunan hatsi ne, kuma hatsin nan shi ke riƙe gida har a kai wata kaka.

Me ya sa Bature ke ajiye keken sanyi

Sai mu fara da sanin dalilin Turawa, kada mu kwaikwayi abin da ba mu gane ba. A Ingila da Faransa da Jamus da Kanada, daga watan Nuwamba zuwa watan Maris sanyi yakan kai inda ruwa ke daskarewa a kan hanya, ya zama ƙanƙara mai santsi. Don kada motoci su zame, hukuma takan watsa gishiri a kan kwalta, saboda ruwan gishiri ba ya daskarewa da wuri kamar ruwan daɗi. Mu da muke jiran ayarin Bilma ya kawo kantu mu saya ma dabbobi, abin yakan ba mu mamaki, a ce gishiri ne ake zubarwa a hanya da manyan motoci. To, wannan ruwan gishiri shi ne ke fantsama a jikin keke, ya shiga sarƙa da boris da wayoyin birki, ya ci ƙarfe da tsatsa cikin ƴan makonni.

Dalili na biyu shi ne irin keken da suke tsoron ɓatawa. Keken tsere ne, marar nauyi, mai siririyar taya, babu madigadi, babu wurin ɗaura kaya. Hukumar tseren keke ta duniya ta ƙayyade cewa kada nauyinsa ya gaza kilo 6,8, kuma mai kyau daga cikinsu yakan fi babur tsada. Mai irin wannan keke, idan sanyi ya zo, sai ya rataye shi a ɗaki, ya fito da wani tsoho mai araha, mai madigadi da fitila, tunda a Landan a watan Disamba rana takan faɗi kafin ƙarfe 4 na yamma. Wannan shi ne keken sanyi. Dabara ce ta mai dukiya don tsare dukiyarsa.

Amma ko a Turai, masu zuwa aiki da kasuwa a kan keke galibinsu guda ɗaya suke da shi. A ƙasar Holan keken kowa baƙi ne mai nauyi, sarƙarsa a rufe, madigadinsa a cike, shi ake hawa rani da sanyi. A garin Oulu na arewacin ƙasar Finlan, inda dusar ƙanƙara ke rufe ƙasa watanni da dama, yara suna zuwa lakwal a kan keke cikin tsananin sanyi, har a shekarar 2013 aka yi taron duniya na farko a kan hawan keke lokacin sanyi a wannan gari. Abin da ya sa suka iya shi ne hukumar garin tana share hanyoyin keke tun da asuba, wasu mahaya kuma suna canza taya su sa mai ƙananan ƙusoshi. Gyaran hanya da canjin taya suka yi masu aikin.

Ƙasar duwatsu da koramu

Yanzu mu dawo gida. Garhanga tana cikin gundumar Keita, jahar Tawa, kudu da garin Keita ta wajen Buza. Ita da Keita da Tamaske da Ibohaman su ne kwamin huɗu na gundumar, kuma a ƙidayar shekarar 2012 mutanenta sun kusa 70.000. Wanda bai san Adar ba yakan zaci Nijar duk rairayi ce shimfiɗe. Nan kuwa tudu ne na dutse, mai faɗi a sama, sai gangara mai tsakuwa, sai kwari mai laka inda ake noma. Mai keke da ya tashi daga wani ƙauye zuwa wani, a tafiya ɗaya zai taka fako, ya taka tsakuwa, ya tura cikin rairayin korama, ya kuma ɗauki keken a kafaɗa a inda ruwa ya zaftare hanya.

A shekarar farin 1984 aka soma babban aikin raya karkara na Keita, da kuɗin ƙasar Italiya da taimakon hukumar FAO da hukumar abinci ta duniya. Jama'ar ƙauyuka, galibi mata, suka jera duwatsu, suka haƙa ramuka a jikin tuddai, aka shuka miliyoyin itatuwa, aka yi madatsun ruwa, aka buɗe hanyoyin karkara. Waɗannan hanyoyi sun ƙara ma keke daraja a ƙasar, domin keke ba ya amfani inda babu turba. A wannan zamani ne kuma gwamnati ta ƙarfafa noman rani a faɗin ƙasa. Saboda haka lokacin da Bature ke rataye kekensa mai tsada, wato Disamba da Janairu, shi ne lokacin da keken mutumin Adar ya fi shan aiki: zuwa lambu da asuba, kai tumatir da albasa da kabeji kasuwa, ɗauko taki da iri.

Ɗari: ƙura ce abokiyar gaba

Sanyinmu ba ya daskarar da ruwa, kuma babu mai zuba gishiri a hanyar Buza. Da asuba yatsu sukan ƙage a kan keke, leɓe ya tsage, amma wannan matsalar mahayi ce, rawani da riga mai kauri suna maganinta. Abin da ke cin keken shi ne ƙura. Iskar hunturu tana busowa daga arewa maso gabas, tana ɗauke da ƙura mai laushi kamar gari, mai yawa daga cikinta daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi. Babu ramin da ba ta shiga.

Ƙura ita kaɗai ba ta da ɓarna sosai. Ɓarnar tana zuwa ne idan ta haɗu da mai. Al'adar mahaya da yawa ita ce, idan sarƙa ta fara kuka, su je wurin mai gyaran babur su roƙi baƙin mai, su tuttula mata har ya riƙa ɗiga. Baƙin mai tun asali yana ɗauke da garin ƙarfe daga inji. Ƙura ta manne masa, sai su zama wani baƙin kunu mai kaifi, wanda aikinsa ɗaya ne da na dutsen wasa wuƙa. Duk juyin feda yana goge ƙusoshin sarƙa, sarƙa ta saki ta ƙara tsawo, sannan ta cinye haƙoran faranti na gaba da na baya. Mutum ya tashi sayen sarƙa, mai gyara ya ce masa sai an canza duka uku.

Akwai hanyar gane sarƙar da ta gaji tun ba ta yi ɓarna ba. A kama ta a gaban babban faranti a ja ta waje. Idan ta ɗago har ana hangen haƙori a ƙarƙashinta, to ta ƙare. Mai ma'auni kuwa sai ya auna: a sabuwar sarƙa, daga ƙusa ta farko zuwa ƙusa ta 21 santimita 25,4 ne. Idan ya wuce 25,6 a nemi wata.

Gyaran ba shi da tsada. A wanke sarƙa da ɗan kananzir, a bar ta ta bushe, a ɗiga mai mai tsabta ɗigo ɗaya a kowace gaɓa, a juya feda, sannan a goge bayanta da tsumma har ta kusa bushewa, domin a cikin gaɓa ake bukatar mai. Abu mafi muhimmanci kuwa shi ne rufin sarƙa. Tsohon baƙin keke da shi yake zuwa, kuma masu ƙera shi sun san abin da suke yi. Amma samari sukan cire shi tun makon farko, wai yana ƙara, wai yana sa keke ya yi kama da na tsofaffi. A ganina babu ƙarfen da ya fi wannan rufi amfani a keken Adar, kuma wanda ya cire shi ya sayar da rabin ran sarƙarsa a banza.

Akwai kuma hazo. Ranar da ya sauka sosai, direban babbar mota mai ɗaukar albasa ba ya hangen mai keke sai ya zo dab da shi. Fitila a gaba da jan madubi a baya sun wajaba ga duk mai bin babbar hanya da asuba ko da almuru.

Ƙaya da zafi

Tun kafin ɗari ya kankama, kaka takan bar ma mai keke nata rabo. Tsidau yana fitowa da damana a gefen turba, ya bushe da kaka, ƴaƴansa masu tsini su watsu ko'ina. Ga ƙayar aduwa da ta bagaruwa, ga reshen ƙaya da ya faɗo daga shingen lambu. Masu gyaran keke sun daɗe da samun dabara: a yanke gefen tsohuwar taya, a shimfiɗa ta cikin sabuwa, tsakanin taya da shambur. Keken yakan ɗan yi nauyin tafiya, amma faci yana raguwa ƙwarai.

Da bazara kuwa, a watannin Afrilu da Mayu, zafi yakan wuce digiri 40. Iskar da ke cikin shambur tana kumbura, tsohon faci ya ɗaye, roba ta tsattsage. A rage iska kaɗan, a jingina keke a inuwa. Iyakar maganar ke nan.

Damana, wadda Faransawa suka kira da sunan sanyinsu

Ma'aikata masu jin faransanci sun san cewa damanarmu ana ce mata hivernage, kalmar da ta fito daga hiver, wato lokacin sanyin Turai. Sunan ya dace da mai keke, domin idan akwai lokacin da ya yi kama da wahalar mahayan Turai, to damana ce.

Ruwan Adar ba shi da yawa a lissafin shekara, amma yakan zo da ƙarfi cikin ɗan lokaci. Dutse ba ya shan ruwa, sai ya gangaro gaba ɗaya cikin koramu. Korama da ke bushe da safe tana iya cika da azahar, ko da ba a yi ko ɗigo ba a inda kake tsaye, tunda a kan tudu aka yi ruwan. Kowace shekara ana jin labarin wanda ya yi gaggawar ƙetarewa ruwa ya tafi da shi, kuma damanar 2024 ta yi ɓarna mai yawa a faɗin Nijar, ta rushe gidaje ta yanke hanyoyi. A bakin korama mai gudu, mai keke guda da mai keke goma duk zama za su yi su jira ruwa ya janye.

Idan ruwa ya janye, sai mutum ya ɗauki keken a kai ko a kafaɗa. Kada a tura shi cikin ruwa. Ruwan korama cike yake da rairayi, yana shiga cibiyar ƙafa da gindin feda, ya wanke giris ya bar yashi a madadinsa. Bayan mako biyu za ka ji keken yana gurnani, boris sun farfashe. A kwari kuma laka ce: tana taruwa tsakanin taya da madigadi har ƙafa ta ƙi juyawa, mutum ya tsaya yana ƙwaƙule ta da tsinke kowane taki ashirin. A irin wannan hanya kaɗai cire madigadi yake da hujja, in dai za a mayar da shi daga baya.

Haɗari mafi girma shi ne birki. Robar birki tana kama ƙarfen ƙafa ne, idan ƙarfen ya jiƙe kuwa sai ta riƙa zamewa, ƙarfin birki ya ragu sosai. Ni kaina na taɓa gangarowa daga wani tudu bayan yayyafi, da buhu a baya, na matse birki biyu har yatsuna suka yi zafi, keken bai ko kula ba. Shingen wata gona ne ya tare ni, na kwana biyu ina cire ƙaya. Tun daga ranar nan, gangara mai tsakuwa bayan ruwa a ƙafa nake sauka, ina riƙe da keke.

Mutanen ƙasar sun riga sun warware wannan matsala tun kafin keke ya zo. Daga Yuli zuwa Satumba, inda hanya ta lalace, jaki ne ke ɗaukar kaya. Wanda ke neman abin hawa na biyu don damana, to yana ɗaure a bayan gida yana cin kara.

Wane irin keke

Tunda keke guda zai yi aikin shekara duka, zaɓensa shi ne babbar magana. Iri biyu ake samu a kasuwanninmu. Akwai baƙin keke mai ƙafa inci 28, mai birkin sanda, irin wanda kamfanin Raleigh na Ingila ya yaɗa a Afirka, har ya yi shekaru yana harhaɗa shi a Kano. Daga baya Phoenix da Flying Pigeon na ƙasar Sin da Hero na Indiya suka bi sawunsa. Yana da nauyi, wajen kilo 20, kuma hawan tudu da shi sai turi. Amma yana ɗaukar buhu, kayansa kusan duk suna shiga juna, kuma kowane mai gyara a ƙarƙashin bedi ya san cikinsa. Ƙungiyar World Bicycle Relief, wadda aka kafa a 2005, da ta tashi ƙera keke don ƙauyukan Afirka, irin wannan siffa ta komo, ta ƙarfafa mazaunin kayansa har yana ɗaukar kilo 100.

Akwai kuma kekunan hannu masu giya da ake kawowa daga Turai. Suna da kyan gani, kuma gaskiya ne faffaɗar tayarsu ta fi tafiya a rairayi, giya kuma tana taimako a hawan dutse. Sai dai abin canza giyar yana rataye ne ƙasa-ƙasa, inda dutse ke bugunsa, sarƙarsu siririya ce kuma a buɗe take ga ƙura, kayansu kuwa iri-iri ne, na wannan ba ya shiga wancan. Ƙaramin ƙarfe ɗaya ya karye, sai an aika Tawa ko Ƙonni. Ga ɗan makaranta marar kaya da ke kusa da gari, babu laifi. Ga mai lambu da ke nesa da kwalta, shawarata baƙin keke.

Sannan mu duba abin da ke samun keken da aka ajiye. A ɗakin Bature yana rataye wata biyar babu mai taɓa shi. A gidanmu zafi zai busar da tayarsa, shambur ya manne. Wannan ma in an bar shi ke nan, domin a ƙauye keken da ke jingine keken aro ne. Maƙwabci zai kai mara lafiya likita, ƙane zai je ɗaurin aure, suruki ya aiko yaro. Wa zai hana? Bayan wata shida mai keke biyu zai tarar yana gyaran keke biyu, ga shi guda ɗaya yake hawa.

Akwai gidan da keke biyu ya wajaba, amma dalilin ba canjin lokaci ba ne. Idan uba yana zuwa lambu gabas, yaro ko yarinya kuma suna zuwa kwaleji a wani gari yamma, tafiyar kilomita da yawa kullum, to keke na biyu yana iya zama abin da zai hana yaron barin karatu. Wannan kuɗi ne da aka sa a wurin da ya dace.

Abin da za a saya da kaka, da abin da ke wuyan hukuma

Kuɗin da mutum zai tara don keke na biyu, kaɗan daga cikinsa ya isa ya riƙe na farko shekara guda. Da kaka a sayi taya da shambur na ajiya, da sarƙa, da robar birki, da boris da giris, da faci da sholisho, da famfo na gida. A kai keke wurin mai gyara sau biyu a shekara, a buɗe cibiyoyi a wanke a sa sabon giris: sau ɗaya a watan Oktoba don fitar da yashin damana, sau ɗaya a watan Mayu don fitar da ƙurar ɗari kafin ruwan farko. A sayi kayan da wuri, domin yawancinsu daga nesa suke zuwa. An ga haka lokacin da aka rufe iyakar Najeriya bayan watan Yuli na 2023 har zuwa watan Maris na 2024. A wannan shekara ta 2023 kuma Najeriya ta janye tallafin mai, man kwalba na bakin hanya ya yi tsada, masu babur suka tuna da darajar abin hawan da ba ya shan komai.

Ga ma'aikata da shugabannin ayyukan raya ƙasa kuwa, akwai magana. An sha raba kekuna ga malaman yaƙi da jahilci da wakilan kiwon lafiya na ƙauyuka, a yi biki a ɗauki hoto, bayan damana biyu a tarar da su jingine babu taya. Duk wanda zai raba keke 50, ya sa kuɗin kayan gyara na shekara biyu a cikin kasafin, ya zaɓi iri ɗaya wanda kayansa ke kasuwa, ya kuma koya ma wani saurayi a kowane babban ƙauye aikin gyara, a ba shi akwatin kayan aiki.

Sauran aikin na hanya ne. Inda turba ta ƙetare korama, injiniyoyi sukan yi shimfiɗar siminti da dutse a gindin ruwa, wadda suke kira radiye. Ruwa yana bi ta kanta ya wuce, da ya janye kuma keke da amalanke da motar ɗaukar mara lafiya su bi. Amma kowace damana ruwa yana ƙwaƙule gefenta na ƙasa, idan ba a cike ramin da duwatsu ba, wata damana sai ta karye. Ya kamata hukumar kwamin ta Garhanga, tare da hakimai, ta zagaya waɗannan mashigai a watan Afrilu, a rubuta waɗanda ruwa ya ci gindinsu, a tara duwatsu a gyara kafin hadarin farko na Yuni.